Fada Ya Ƙi Tayi

Na manta abubuwa da yawa a zamana na Ingila, har sunan titin da na fara sauka sai na yi dogon tunani kafin ya zo min. Amma akwai wata Asabar da rana, a wani ɗan gidan wasan kwaikwayo a Birmingham, wadda ko tsufa ya kwashe min komai ba na jin zai iya ɗaukarta. Ranar ce na sayi tikiti da hannuna, na zauna a layi na uku, na kalli kaina ina mutuwa a kan gado, jama'a kuwa suna ta sheƙa dariya.

Ni ɗan kasuwa ne, ban yi boko mai zurfi ba. Da wanke-wanke na fara a wani gidan abinci a Manchester, daga nan na koma sayen tsofaffin firji da talabijin ina gyarawa, har Allah ya kai ni ga loda kwantena ina turawa Kano. A shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, hukumar gari, wato council, ta yi ta rufe wurare: yau ɗakin karatu, gobe wurin wasan matasa, jibi wani ofis. Ba zan ɓoye muku ba, a lokacin da mutane ke kuka ni kasuwata buɗewa ta yi. Duk inda aka rufe akwai kujeru da tebura da kabad da ake neman wanda zai kwashe, ni kuma ina da mota da sito.

A haka na ji labarin wani ƙaramin gidan wasa da aka yanke wa tallafi, za su sayar da kujerunsu. Jajayen kujeru ne masu laushi, irin masu naɗewa in an tashi. Ina ganinsu na hango su a ɗakin biki a Kano. Muka daidaita, ma'aikata suka fara kwance su layi-layi. Da suka kai tsakiya sai aiki ya tsaya, don wani dattijon Bature yana zaune a kan guda ɗaya, hularsa a gwiwa, yana kallon dandamalin da babu kowa a kai.

Na je na ce masa da Turanci, “Baba, ka yi haƙuri, kujerar nan na saye ta.”

Ya ɗago ya ce, “Na sani, ranka ya daɗe. Minti biyar kawai nake roƙo.”

Na san muryar nan. Ban san fuskar ba, amma muryar na san ta kamar ta maƙwabcina. Na ce ya sake magana. Ya yi murmushi, ya gyara zama, ya ce cikin wata irin nutsuwa mai tayar da hankali, “Muna ba ka haƙuri, dukkan ma'aikatanmu suna kan wani kiran. Kiranka yana da muhimmanci a gare mu.”

Na ce, “Kai ne! Wallahi kai ne! Shekara nawa kana ajiye ni a waya!”

Ya miƙe ya rusuna min kamar an tafa masa. Ya ce shi ne, kuma shi ne mai cewa ƙofa za ta rufe a cikin lif ɗin wani asibiti, shi ne jakin da ke waƙa a wani katun na yara, shi ne kuma mai tallan wani man shanu a rediyo. Mutumin Ireland ne, ya shigo Ingila ta jirgin ruwa yana saurayi, kuma a kan wannan dandamalin ya fara wasa. Ya ce ya yi fim ma: ɗan sandan da ake harbewa a minti goman farko, kawu mashayi a wurin biki, limamin coci har sau uku. Da wasan dandamali ya ja baya, sai ya koma sayar da muryarsa kawai, ana rufe shi a wani ɗan ɗaki da makirfo, ya karanta abin da aka ba shi ya fito.

Ashe ma unguwarmu ɗaya a Manchester, Whalley Range, titi biyu ne tsakaninmu. Yana zaune a flat na can sama a ɗaya daga cikin manyan tsofaffin gidajen nan da aka yayyanka. Na kai shi gida a motar kaya, na kuma bar masa kujerar kyauta. Ya yi ta godiya har da ƙwalla. Ban ga dalilin gaya masa cewa dama ƙarfen gindinta ya tsage ba.

Bayan wasu watanni sai ga shi a sitona da takardu a hannu, yana haki. Ya ce, “Alhaji, yarenku Hausa ne ko?” Na ce shi ne. Ya ce to Allah ya haɗa shi da ni.

Wata mata ce a Birmingham ta rubuta wasa, ita ce kuma darakta. Labarin wani Fada ne, limamin coci ɗan Ireland, da ya yi shekara arba'in yana koyarwa a arewacin Najeriya, ya koma gida ya tsufa, tunaninsa ya fara gushewa, har Turancin ya riƙa zille masa, Hausa tana dawowa bakinsa. An ba dattijon nawa matsayin Fadan, amma da sharaɗi. Masu ɗaukar nauyin zagayawa da wasan gari-gari sun fi son wani da aka san fuskarsa a talabijin. Daraktar ce ta dage, suka ce to, a gwada shi a wasa ukun farko. In ya yi, nasa ne. In bai yi ba, a kawo wancan.

Ya ce, “Shekara tara rabona da dandamali. A shekaruna, in aka sauke ni a wannan, ba wanda zai sake kirana. Na gaji da zama murya, Alhaji. Ina so mutane su tuna cewa ina da fuska.”

Gaskiya a lokacin ban ɗauki wasan kwaikwayo sana'a ba. A ganina, babban mutum da furfura ya kwanta a gaban jama'a yana ƙaryar mutuwa, wannan ai rashin aikin yi ne. Amma na san fuskar mutumin da kasuwa ta juya wa baya, na gan ta a madubi a shekarun wanke-wanke. Na ce ya kawo takardar.

Jimla biyar ce ta Hausa a duk wasan, kuma ban san daga wane tsohon littafi matar ta tono su ba. Akwai inda Fada zai gai da ma'aikata, aka rubuta abin da in ka faɗa wa Bahaushe zai zaci ta'aziyya kake masa. Na gyara su duka. Ta ƙarshe ita ce babba: Fada yana kan gadon mutuwa, 'yar ƙanwarsa ta durƙusa ta nemi ya sa mata albarka, shi kuma ya ɗora mata hannu a ka ya ce, “Allah ya yi miki albarka, 'yata.” Daga nan sai a kashe fitila.

Da na ba Hajiya, matata, labari, dariya ta yi har da riƙe ciki. Ta ce, “Alhaji, yanzu kuma malamin Fada ka zama? Sai ka sa a allon sito: ana sayar da firji, ana koyar da limaman coci.” Na ce mata babu kalma ɗaya a ciki da ba zan faɗa wa 'yar cikina ba. Ta ce, “To yaushe rabon da ka faɗa mata?” Na ce ta zuba min shayi.

Dattijon nan yana da kunne irin wanda ban taɓa gani ba. Sau ɗaya zan faɗi abu, ya mayar min da shi daidai, har inda na ja numfashi. “'Yata” ce kawai ta ba shi wahala, kwana biyu yana cewa “yata,” ina cewa a'a, ka ɗan shaƙe ta a maƙogwaro kamar ƙashin kifi ya tsaya maka. Rana ta uku ta zauna. Na ce masa karatu ya ƙare, ya je Allah ya ba da sa'a. Ya ce a'a, shi bai iya ba tukuna. Ya iya kalmomin, amma bai ji yadda yaren ke tafiya da ƙafarsa ba. Ya roƙi in bar shi ya riƙa zama a sito yana saurare.

Mako uku yana zuwa. Ya zauna a kan wani injin wanki da ya ƙi sayuwa, cikin babbar rigar sanyi, da kofin shayi, idanunsa a rufe, ni kuma ina ta fama da 'yan kasuwar Kano a waya. Wannan ya taya firji ashirin kamar yana tayin albasa, wancan ya ce kujerun da na turo ba su kai hoton ba. Na ɗauka barci yake yi. Wata rana na ce, “Baba, in barci ne ai gidanka ya fi ɗumi.” Bai buɗe ido ba ya ce, “Sata nake yi.” Na ce me kake sata? Ya ce, “Ba abin da za ka ƙirga ka ga ya ragu.” Duk da haka da ya tafi na zagaya sito na duba.

Kuskurena daga baki ya fito. Ina da wata tsohuwar abokiyar ciniki a Birmingham, a Lozells take, kowa Mama yake ce mata. Nas ce da ta yi ritaya, mutuniyar kudancin Kaduna, shugabar zumuntar mata a cocinsu, kuma duk kwantenar da zan loda sai ta sa akwatunanta na 'yan gida. Ta bugo kan maganar akwati, ni kuma na kasa riƙe bakina, na ce ina da ɗalibi Bature da zai yi Hausa a garinsu.

Ta ce, “Fada? Ɗan Ireland? Alhaji, ai su suka koya min karatu! Har yau ina jin zafin rular wani a hannuna. Kana nufin Bature zai yi Hausa a Birmingham ba mu je mun ji ko daidai ne ba? Ba ni ranar, zan yi announcement a church.”

Lissafin ɗan kasuwa na yi: abin da darakta ke so shi ne kujeru su cika, ga ni na kawo masu cika su. Ban gaya wa dattijon ba, na ce bari ya zama abin mamaki. Ya kuwa zama.

Wasa na uku ne, na yanke hukunci, ranar Asabar da ƙarfe biyu. Ni da Hajiya muka kamo hanya tun da hantsi, muka ɓata rabin awa muna neman parking a wajen Aston. Muna shiga na ga aikin Mama. Ƙananan bas biyu ta ciko. Mata sun fi talatin, duk da atamfa iri ɗaya, ɗaurin kallabi kamar za a je ɗaurin aure, sun mamaye layi biyun gaba. Turawan da ke bayansu sai leƙe suke ta gefe. Wata ta buɗe jaka tana raba cincin. Mama ta hango ni ta ɗaga murya, “Ga malamin nan! Alhaji, in ya yi kuskure kai za mu kama!”

Aka fara. Gaskiya mutumin ya iya. Minti biyar da fitowarsa na manta cewa shi ne mai zama a kan injin wankina. Tafiyarsa ta canza, kafaɗarsa ta canza, ya zama wani tsoho mai taurin kai da na ji kamar na taɓa sani. Sai aka zo jimlar Hausa ta farko. Fada ya ruɗe, ya ɗauka ma'aikatan gidan tsofaffi leburorin makarantarsa ne na da, ya juyo wajen masu kallo ya ce, “Sannunku da aiki. Ina gajiya?”

Mata talatin suka amsa baki ɗaya, “Ba gajiya, Fada!”

Na manta ban gaya masa ba, kuma ban yi tunanin gaya wa Mama ba, cewa Bahaushe ba a gaishe shi ya yi shiru, ko da a gidan wasa ne. Na ga idon dattijon ya buɗe. Fitila ta hana shi ganin mutane sosai, sai a lokacin ya lura da kallabai a gabansa. Mako da makonni yana shirin yin Hausa a gaban Turawan da ba za su san daidai da kuskure ba, yanzu ga alƙalai talatin a gindin ƙafarsa suna tauna cincin. Ya dai ci gaba. Su kuwa matan sun saki jiki. In wani ya yi wa Fada tsawa su ce, “Kai, ba ka da kunya!” In ya tuna wani abin tausayi su ce, “Allah sarki.” Na waiga baya na hango daraktar a tsaye jikin bango, ta harɗe hannu, kusa da ita wasu mutum biyu masu kwat, waɗanda ko ba a faɗa min ba na san su ne masu yanke hukunci.

Har aka kai ƙarshe. Fada yana kwance, fitila ɗaya ce a kansa. Yarinyar da ke wasan 'yar ƙanwarsa ta durƙusa, ta kama hannunsa, ta ce da Turanci, “Kawu, likita ya ce lokaci ya yi. Ka daina wahalar da kanka, ka tafi ka huta. Ka sa min albarka kawai.”

Shiru. Na san inda ya kamata ya fara, na fara motsa baki ina karanta masa daga kujerata. Shiru ya yi tsawo. Daga baya ya gaya min cewa jimlar gaba ɗaya ta tashi daga kansa kamar tsuntsu, kalma ɗaya tak ta rage, kuma bai same ta yadda na koya masa ba, ya same ta yadda ya fi jin ta.

Fada ya zare hannunsa daga na yarinyar. Ya ja tsaki. Ya kawar da fuska wajen bango, ya kaɗa bayan hannu kamar mai korar ƙuda, ya ce da wata murya mai kauri, ta hanci, wadda ba tasa ba, “Albarka.”

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwa a ƙasar Hausa ya san wannan albarkar. Ba ta addu'a ba ce. Ita ce wadda mai kaya ke faɗa in an yi masa tayin raini: ban sayar ba, ƙara gaba. An ce wa tsoho lokacin mutuwa ya yi, shi kuma ya ce albarka.

Mama ce ta fara. Ta buga cinya ta ce da ƙarfi, “Fada ya ƙi tayi! A ƙara masa!” Layi biyun gaba suka fashe. Wata ta zame daga kujera, wata tana share hawaye da gefen mayafi, wata tana cewa, “Ku bar shi, kayansa ne!” Turawa suna ta waige-waige, ba su san me ya faru ba, mutum yana mutuwa ana dariya. Ni kuwa Hajiya ta zungure ni da gwiwar hannu, tana dariyar da ba ta fita, ta ce, “Alhaji, kai ne. Wallahi kai ne a gadon nan. Har tsakin.”

Ni ne. Muryata ce, hancina ne, har yadda nake kawar da kai in wani ya taya min kaya a waya, alhali mai tayin ma ba ya ganina. Ban taɓa sanin haka nake ba. Na waiga, daraktar ta dafe goshi, ɗaya daga cikin masu kwat yana rubuta wani abu. Na ce a raina, shi ke nan, na kashe wa bawan Allah sana'a, da bakina da gwanintata.

A nan ne na ga abin da shekara arba'in a kan sana'a ke koya wa mutum. Dattijon bai motsa ba. Bai yi ƙoƙarin gyarawa ba, bai yi magana a kan dariyar ba. Ya bar fuskarsa a bango, yana numfashi sama-sama kamar mai jin jiki, ya bar dariyar ta hau, ta kai iyakarta, ta fara sauka da kanta. Ya gane ba dariyar raini ba ce, dariyar mutanen da suka ga abin gida ne. Kuma ko da ban taɓa fassara masa kalmar ba, ya zauna mako uku yana jin inda take faɗowa a ciniki da abin da ke biyo bayanta.

Yarinyar ba ta san abin yi ba, sai ta sake kama hannunsa ta maimaita abin da ta haddace, muryarta tana rawa da gaske, “Kawu, lokaci ya yi.”

Ya juyo a hankali. Ya dube ta, ya dubi sama kamar mai auna wani abu a ransa. Ya saki dogon numfashi, irin wanda nake saki in an ja ciniki har na ga ba sauran abin ƙari. Ya ɗora mata hannu a ka ya ce, ƙasa-ƙasa, “To. Na sallama.”

Hannun ya zame. Aka kashe fitila.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Matan da ke birgima minti ɗaya da ya wuce, ko tari babu. A cikin duhu na ji Mama ta ce, “Allah sarki, Fada,” muryarta ta karye. Sai shessheƙa ta tashi nan da can. Turawan ba su ji kalma ɗaya ba, amma sun ji yadda ɗakin ya juye, kuma da fitila ta dawo na ga wani ƙaton Bature a gefena yana neman hankici. Ni kaina sai da na ce wa Hajiya sanyin ɗakin ne ya shige min ido. Tafin da aka yi, matan zumunta a tsaye suka yi shi, har da guɗa.

Duk da haka ban saki jiki ba, don tafi ba shi ne sa hannu ba. Na kutsa baya wajen da 'yan wasa ke shiryawa. Na tarar da dattijon zaune da rigar barcin Fada, fuskarsa fari fat, daraktar a kansa tana faɗa. Ta ce wa ya ba shi izinin canza mata rubutu, shekara uku tana gina wannan mutuwar ya mayar mata da ita wasan barkwanci, me ma ya faɗa? Shi dai ya sunkuyar da kai. Na buɗe baki zan ce laifina ne, sai na ji an ture ni gefe. Mama ce, da jakarta a hammata.

Ta ce da Turancinta na tsohuwar nas, wanda ba a katsewa, “'Yata, zauna.” Daraktar ta zauna. Mama ta yi mata bayanin ciniki tun daga tayi har sallamawa: yadda mai kaya ke ƙi da kalmar albarka don kada a rabu da faɗa, yadda ake ja, yadda a ƙarshe yake cewa ya sallama. Ta ce kuma da wannan kalmar dai muke cewa mutum ya miƙa wuya, ya bar wa Allah. Ta ce, “Na yi shekara talatin ina tsaye a kan masu mutuwa. Ba wanda ke tafiya a tayin farko. Fadan da kika rubuta na littafi ne. Wannan na yau shi ne wanda ya zauna da mu.”

Daraktar ta juyo gare ni ta ce, “Kai ne malamin? Kai ka koya masa wannan?” Na ce, “Ni na koya masa na takarda. Wannan sata ya yi.” Ta dubi dattijon ta ce, “Za ka iya sake yin sa gobe, daidai haka, ko babu matan nan?” Ya ce, “Daidai haka, har tsakin.” Ta tashi ta fita wajen masu kwat. Ba ta fi minti goma ba ta dawo ta ce ya shirya jakarsa, zagayen nasa ne, kuma za ta ƙara 'yan layuka a farkon wasan don Turawa su fahimci cinikin. Dattijon ya kama hannun Mama ya sumbata. Ta fizge ta ce, “Kai, Fada, a gaban Alhaji?”

Ya zagaya da wasan garuruwa da dama, har ƙasarsu. Daga baya aka mayar da shi wasan rediyo, shi ya sake yi. A sanadinsa ya samu wani fim, inda a karon farko ya kai har ƙarshe da ransa. Bai zama shahararre ba, kada in yi muku ƙarya, amma ya yi sauran shekarun ƙarfinsa a gaban mutane, kamar yadda ya roƙa.

Ni kuwa a hanyar komawa Manchester tuƙi kawai na sa a gaba. Hajiya tana ta kwaikwayon tsakin tana dariya. Can na ce mata, “Da gaske haka nake yi?” Ta ce, “Ba a waya kaɗai ba. Haka kake yi wa yara in sun zo da magana. Haka kake yi min.” Ba da faɗa ta faɗa ba, tana ɓare lemo ma take, amma ya shige ni fiye da duk abin da aka yi a dandamalin.

Abin da na ɗauka daga wannan rana biyu ne, kuma na farkon mai sauƙi ne: na daina raina sana'ar da ban sani ba, don na ga mutum ya ceci kansa da haƙurin minti ɗaya wanda sai da ya yi shekara arba'in yana tara shi. Na biyun shi ya fi nauyi. Na zauna na koya wa mutum addu'a da kyau, kalma bayan kalma, amma da ya shiga matsi ba ita ta fito daga bakinsa ba, halina ne ya fito. Wanda ke zaune kusa da kai yana shiru ba darasinka yake ɗauka ba, kai yake ɗauka. Ni na yi sa'a, Bature ne ya nuna min kaina a gaban mata talatin aka yi dariya aka tashi. Da a bakin 'ya'yana na fara jin wannan tsakin, ba na jin akwai wanda zai tafa.